Ido Ya Fara Aunawa, Firotirakta Ta Biyo Baya

Duk shekara 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare kan shigo kowa da sabon gwangwanin kayan lissafi, mai tambarin Oxford a murfi ko wani mai kwaikwayonsa. A ciki akwai rula, da kampas, da difaida, da set-sikweya biyu, da guntun fensir, da wata roba mai siffar rabin da'ira wadda lambobi suka kewaye bakinta. Ita ce firotirakta, ma'aunin kusurwa. Kafin zangon farko ya ƙare kampas ya zama abin tsikarar na gaba, difaida ta ɓace, amma firotirakta tana nan sabuwa fil, domin ba wanda ya san me zai yi da ita. Ni malamin lissafi ne. Na rubuta wannan saboda ɗalibin da ke son ya iya, da kuma yaya ko uwa ko uba da ake kawo wa aikin gida bayan sallar isha'i.

Kafin a taɓa ma'auni, sai an san abin da ake aunawa. Nakan zana kusurwa biyu a allo. Ta farko a tsuke take, amma layukanta dogaye, sun kusa cinye rabin allon. Ta biyu a wangale, amma layukanta ba su fi yatsa tsawo ba. Sai in ce, wacce ta fi girma? Kusan duk aji ta farko suke nunawa, har da masu ƙoƙarin da ke zama a bencin gaba. Ba laifinsu ba ne. Tun firamare duk abin da suka auna tsawo ne, saboda haka da sun ji an ce girma sai idonsu ya tafi ga tsawo.

Kusurwa ba ruwanta da tsawo. Juyi take aunawa. Dubi ƙyauren ɗakinku: idan aka ɗan sassauta shi don iska ta shigo, tsakaninsa da bakin ƙofa akwai ƙaramar kusurwa, aka ƙara tura shi, kusurwar ta ƙaru. Ƙyauren bai ƙara tsawo ba, juyawa kawai ya yi. Babban get na makaranta da ɗan murfin kabad, in dai an buɗe su daidai wa daida, kusurwarsu ɗaya ce. Wanda wannan ya zauna masa, ya gama da rabin wahalar darasin.

Yanzu tashi tsaye ka fuskanci gabas. Juya hannun dama har ka fuskanci kudu. Ka yi rubu'in kewaye, wato digiri 90. Ƙara juyawa har ka fuskanci yamma, ka ba gabas baya: digiri 180 ke nan, rabin kewaye. Zuwa arewa 270. Ka dawo gabas inda ka fara, 360. Ana rubuta digiri da ɗan ƙaramin zobe a saman lamba, kamar haka: 90°. Yara kan tambaye ni me ya sa 360, me ya hana a ce 100 kowa ya huta. Gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, waɗanda da sittin-sittin suke ƙidaya a lissafinsu na taurari. Kuma gadon bai yi muni ba. Lambobi 24 ne ke raba 360 ba tare da saura ba, ita kuwa 100 lambobi 9 kacal. Raba kewaye gida uku, ka samu 120 cif. Gida shida 60. Gida takwas 45. Gida tara 40. Gwada raba 100 gida uku ka ga yadda za ka ƙare da wutsiya mara iyaka. Daga tushen nan ne kuma ake raba digiri ɗaya zuwa minti 60, kamar yadda awa take da minti 60.

Alƙalin duk kusurwoyi ita ce mai digiri 90, irin wadda ke kusurwar littafi, da kusurwar allo, da inda bango ya haɗu da daɓe. A zane ba a yi mata baka, wato ɗan lanƙwasasshen layin da ke nuna kusurwa, kamar sauran, ɗan akwati ake sa mata. Wadda ba ta kai 90 ba tsukakkiya ce, a takardar jarrabawa za ka ga an kira ta akiyut. Wadda ta wuce 90 amma ba ta kai 180 ba buɗaɗɗiya ce, obtus. Ta kai 180, layukan biyu sun miƙe sun zama layi ɗaya. Ta zarce 180 ba ta kai 360 ba, ita ce rifileks, wadda ta kewayo ta bayan gida.

Ba ka buƙatar sayen komai don ka riƙe wannan alƙali a aljihu. Samu kowace irin takarda, ko da yagaggiyar da aka ƙunso ƙosai ce. Ninka ta sau ɗaya, ka danne ninkin da farce. Sake ninkawa yadda bakin ninkin farko zai hau kan kansa daidai. Kusurwar da ta fito digiri 90 ce, ba ragi ba ƙari. Ka sake ninka ta biyu ka samu 45. Ina sa kowane ɗalibi ya yi wannan ya ajiye a cikin gwangwaninsa, kuma ina duba ta fiye da yadda nake duba kampas.

Dalili shi ne ƙa'idar da na fi nacewa a kai: kada ka ɗora firotirakta a kan kusurwa sai ka fara yi mata kirdado da ido. Ta kai 90 ko ba ta kai ba? In ba ta kai ba, ta wuce 45? Rubuta abin da kake zato a gefen takarda da fensir, ka ce misali wajen 50. Sannan ka ɗauko ma'auni.

Yadda ake ɗora ta

Ɗaga firotirakta ka dube ta a haske. A ƙasa akwai miƙaƙƙen layi da ya ratsa daga 0 na wannan gefe zuwa 0 na wancan gefe. A tsakiyar layin akwai wata alama, wani lokaci ɗan giciye, wani lokaci ƙaramin rami ko ɗan rabin zobe. Ita ce cibiya. A bakin robar kuma lambobi sahu biyu ne: sahun waje yana tafiya daga 0 zuwa 180 ta wannan hannu, sahun ciki yana tahowa daga 0 zuwa 180 ta wancan hannu.

Ɗora cibiyar a kan tsinin kusurwa, wato ɗigon da layukan biyu suka haɗu. A kansa daidai, ba kusa da shi ba. Danne da ɗan yatsa, sannan ka juya robar a hankali har layin ƙasan nan ya kwanta a kan ɗaya daga layukan kusurwar, ya rufe shi ruf. A nan yara da yawa ke zamewa. Yawancin firotiraktocin da ke kasuwa suna da ɗan sauran roba a ƙarƙashin layin sifili, sai yaro ya jera bakin robar da layinsa maimakon layin da aka zana a jikinta. Bakin robar ba shi ne sifili ba. Idan aka yi haka cibiya ta tashi daga kan tsini, duk abin da aka karanta kuma ya karkace.

Saura karatu. Dubi layin kusurwar da ka kwantar da ma'auni a kansa, ka bi shi da ido zuwa bakin roba. Za ka tarar da lambobi biyu, 0 a sahu ɗaya, 180 a ɗayan. Sahun da ya ba ka 0 shi ne naka. Kada ka haddace wai sahun ciki ake bi ko sahun waje, domin ya danganta da inda kusurwar ta fuskanta, kuma ba duk kamfanoni ke jera sahun iri ɗaya ba. Fara daga wannan sifilin ka hau da yatsa, 10, 20, 30, 40, har ka isa inda layi na biyu ya ratsa bakin robar. In ya faɗa tsakanin manyan lambobi, ƙirga ƙananan zane-zanen, kowane ɗaya digiri ɗaya ne, wanda ya ɗan fi tsawo a tsakiya kuma biyar ne.

A daidai inda layi na biyu ya ratsa, lambobi biyu za su sake kallonka, a ce 50 da 130. Kullum in ka haɗa su 180 za su ba ka. Mafi yawan makin da na ga an zubar a wannan darasi a nan ake zubar da shi: yaro ya ɗora ma'auni daidai, ya yi komai daidai, sannan ya rubuta 130 a ƙarƙashin kusurwar da ko jariri ya san a tsuke take. Wanda ya riga ya rubuta wajen 50 a gefen takardarsa ba zai taɓa faɗa wa wannan rami ba. Da ya ga 130 zai san ya bi sahun da ba nasa ba. Shi ya sa nake ba da maki daban don kirdado a gwajin aji, ko da manhaja ba ta ce a yi ba.

Wurin da ya fi yaudara shi ne tsakanin manyan lambobi. A ce layi ya faɗa zane uku bayan 60 a sahunka. Amsa 63. Amma idan sahunka daga dama yake tahowa zuwa hagu, ido ya saba karatu daga hagu zuwa dama, sai yaro ya tsaya a 70 ya ƙirgo zane bakwai zuwa dama ya rubuta 77. Maganinsa kada ka yi tsalle. Tashi daga sifili kowane lokaci, ka bi hanya ɗaya, ka ga lambobin suna ƙaruwa.

Sau da yawa layukan da ke cikin littafi gajeru ne, ba sa kaiwa bakin robar. Kada ka tsaya hasashe. Ɗauke ma'aunin, sa rula ka ƙara wa layin tsawo da fensir, ka mayar. Ai mun riga mun yarda tsawo ba ya canza kusurwa. Fensirin kuwa a fere shi da kyau. Dakusasshen fensir yana zana layin da kaurinsa kaɗai ya kai digiri guda. Kuma ka sa idonka saitin saman lambar, kada ka leƙo daga gefe, musamman idan robar mai kauri ce. In kusurwar ta kifa ƙasa ko ta ba ka baya, juya littafin. Ba wanda ya ce dole littafi ya zauna a miƙe. A ajina ina yafe kuskuren digiri ɗaya sama ko ƙasa. Biyu sai in ce a sake.

Firotiraktar da ta tsage ko lambobinta suka goge, a yar da ita. Ana sayar da ita ita kaɗai a shagon littattafai, ba sai an sake sayen gwangwani ba.

Ita rifileks ta fi ƙarfin rabin da'ira, saboda haka ta bayan fage ake kama ta. Auna ƙaramar kusurwar da ke ɗaya gefen, ka cire daga 360. Ƙaramar ta ba ka 110, rifileks ɗin 250 ce. Lura da inda aka zana bakan a littafi, shi ke nuna wacce ake tambaya, ta ciki ko ta waje. Haka kuma idan aka rubuta kusurwa ABC, harafin tsakiya shi ne tsini. Cibiya a kan B za ta zauna, ba a kan A ba don shi ya zo farko.

Zana kusurwa bai kai auna ta wuya ba. An ce ka zana 65°. Ja layi da rula, ka sa ɗigo a ƙarshensa ɗaya. Ɗora cibiya a kan ɗigon, layin sifili a kan layinka. Tashi daga sifilin da ke kan layin, ka hau zuwa 65, ka sa ɗan ɗigo a bakin robar. Ɗauke ma'auni, haɗa ɗigon biyu da rula, yi baka, rubuta 65°. Daga nan ɗauko ninkakkiyar takardar nan ka kara: 65 bai kai 90 ba, ya wuce 45. In abin da ka zana ya fito a wangale, 115 ka zana.

Ga wasan da nake ba iyaye shawara a kai. Mutum biyu, takarda ɗaya. Ɗaya ya zana kusurwa da rula yadda ya ga dama, ɗayan ya faɗi kirdadonsa, sannan a auna. Bambancin shi ne bashin da ke kansa: ya ce 40, aka samu 52, an bi shi 12. A yi musanya. Bayan zagaye goma, mai ƙaramin bashi ya ci. Yaran da ke yin wannan sukan kai inda da wuya su kauce da fiye da digiri biyar, kuma ƙanne mata suna yawan kayar da yayyensu maza, abin da ke ƙara wa wasan armashi.

Inda ba a buƙatar ma'auni

A jarrabawar kammala aji uku, da ta WAEC da NECO daga baya, tambayoyin da za a ce ka auna kaɗan ne. Mafi yawa cewa za a yi ka nemo x. Kuma zanen da ke kan takardar sau da yawa ba a yi shi bisa ma'auni ba, da gangan. Wanda ya ɗora firotirakta a kan irin wannan zane ya kwafi abin da ya gani, ya sayi faɗuwa da kuɗinsa. A nan ƙa'idoji ke aiki, kuma dukansu daga juyin nan da ka yi a tsaye suka fito.

Kusurwoyin da suka jeru a kan miƙaƙƙen layi, a ɗigo ɗaya, jimlarsu 180, domin rabin kewaye ne. Ɗaya 125, abokiyarta 55. Waɗanda suka kewaye ɗigo ɗaya gaba ɗaya jimlarsu 360. Idan layuka biyu suka gitta juna, kusurwoyin da ke kallon juna ta tsini daidai suke. Wannan ba sai an haddace ba: ta sama da ta dama 180, ta dama da ta ƙasa ma 180, ka ga dole ta sama da ta ƙasa su zama ɗaya.

Ta alwatika kuwa ba na faɗa wa yara, su nake sa wa su gano. Kowa ya zana alwatikar da ya so, doguwa, gajera, karkatacciya, ya yanke ta, ya sa wa kusurwoyinta uku alama, ya yage su, ya jera tsinayen uku a ɗigo ɗaya gefe da gefe. Miƙaƙƙen layi suke bayarwa, a hannun kowa, duk da ba wanda tasa ta yi kama da ta wani. Gani ya kori ji. Jimlar kusurwoyin kowace alwatika 180. Daga nan siffa mai gefe huɗu ta zo da sauƙi: ja layi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ta rabu alwatika biyu, 360. Mai gefe biyar alwatika uku, 540. Mai gefe shida huɗu, 720.

Gwada wannan. Kusurwoyin wata alwatika su ne x, da 2x, da 3x. Haɗa su, 6x ke nan, kuma daidai yake da 180. Saboda haka x 30 ne, kusurwoyin kuma 30, 60, 90. Buɗe gwangwaninka ka ciro doguwar set-sikweya: ita ce wannan alwatikar. 'Yar'uwarta kuma 45, 45, 90. Alwatika mai gefe biyu daidai, kusurwoyinta biyu na gindi daidai suke. In ta sama 40 ce, saura 140, kowace ta gindi 70. Mai gefe uku daidai, kowace kusurwa 60.

Layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, idan wani layi ya ratsa su, nemi haruffa uku a cikin zanen. Kusurwoyin da ke cikin lungunan Z daidai suke. Na F ma daidai suke. Na C ba daidai suke ba, haɗuwa suke su ba da 180. Sai dai a tabbata an sa wa layukan alamar kibiya, ko an faɗa a tambayar; kada a ɗauka don sun yi kama.

Akwai tambayar agogo da nake so, domin tana tona asirin mai gaggawa. Fuskar agogon bango kewaye ce mai gida 12, kowane gida digiri 30. Ƙarfe uku daidai, tsakanin hannayen biyu 90. To ƙarfe uku da rabi fa? Kowa sai ya ce 90, wai dogon hannu yana kan 6, gajere yana kan 3. Amma gajeren bai tsaya jiran kowa ba. A cikin awa guda yana cin digiri 30, a rabin awa ya ci 15, yana tsakiyar 3 da 4. Amsa 75. A gidan da agogon waya kaɗai ake dubawa, sai an zana wa yaro fuskar agogon tukuna.

Da kampas da rula kaɗai ana fitar da wasu kusurwoyi, kuma a tambayar da aka ce a yi haka ba a yarda da firotirakta ba. Ja layi, sa ɗigo A. Kafa allurar kampas a A, buɗe shi yadda ka so, ja babban baka da zai yanki layin a B. Kada ka taɓa buɗin. Mayar da allurar kan B, ja wani baka ya yanki na farko a C. Haɗa A da C. Digiri 60 ke nan, domin A da B da C alwatika ce mai gefe uku daidai. Don raba kowace kusurwa biyu, kafa allura a tsini ka yanki layukan biyu da baka ɗaya, sannan daga kowace mahaɗa ka ja baka a tsakiya da buɗi iri ɗaya. Inda suka gitta, haɗa shi da tsini. Raba 60 ka samu 30, raba 30 ka samu 15. Raba miƙaƙƙen layi, wato 180, ka samu 90, daga shi 45. Roƙona ɗaya: kada ka goge bakan don aikinka ya yi tsabta. Su mai duba takarda ke nema, su ne shaidar cewa da kampas ka yi. Kuma a ɗaure sukurun kampas ɗin. Sakakken kampas yana buɗewa a tsakiyar baka.

A wajen aji

Birkilan da ke fitar da harsashin ɗaki ba ya yawo da firotirakta. Yana kafa fegi, ya ja igiya biyu, ya auna ƙafa 3 a ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, sannan ya sa tef tsakanin alamomin biyu. In ya samu ƙafa 5, kwanar ta yi sikweya, wato digiri 90. In ya wuce 5 ta buɗe da yawa, in bai kai ba ta tsuke, sai a gusa igiya. A babban gini sukan ninka, 6 da 8 da 10. Ranar da aka zo sa tayil ake gane wanda ya yi wannan da wanda ya yi da ka. Wannan shi ne abin da za a koya maka daga baya da sunan ƙa'idar Fitagoras.

Da takardar nan mai 45 za ka iya auna tsawon bishiyar darbejiya ko sandar tuta ba tare da ka hau ba. Yanke ta ta zama alwatika mai 45, 45, 90. Riƙe ta kusa da ido, gefe ɗaya a kwance daidai da ƙasa, ɗaya a tsaye, ka saita ido ta kan dogon gefen. Matsa gaba ko baya har ƙololuwar bishiyar ta hau saitin. Auna daga inda kake tsaye zuwa gindinta, ka ƙara tsawonka daga ƙasa zuwa ido. Tsawon bishiyar ke nan. Sai dai a samu wani ya tsaya a gefe yana duba ko gefen ƙasan ya kwanta sosai, don hannu yana karkacewa mai shi bai sani ba.

Aikin da ya fi jan hankalin ɗalibaina shi ne na alƙibla. A bakinmu gabas muke cewa, amma Makka ba ta saitin gabas sak daga ƙasar Hausa. Idan aka fara ƙirga daga arewa, ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, gabas sak digiri 90 ce. Alƙibla daga Kano kusan 68 ce, wato sai an karkato daga gabas zuwa arewa da kusan digiri 22. Daga Sakkwato kusan 71, daga Maiduguri kusan 66. A darasin fuskar tafiya na babbar sakandare da lambobi uku ake rubuta irin wannan, 068°, kuma kullum daga arewa ake farawa.

Ana iya gwada shi a tsakar gida. Nemi wuri mai shafaffen daɓe da rana ke samu tun safe har yamma. Kafa miƙaƙƙiyar sanda a tsaye. Ɗaura ɗan dutse a zare ka saki kusa da ita don ka tabbatar ba ta jirkice ba. Da hantsi, sa alama a ƙarshen inuwarta. Ɗaura igiya a gindin sandar, ka ja da'ira da alli ko gawayi wadda ta bi ta kan alamar. Inuwar za ta yi ta gajarta ta shige cikin da'irar, bayan azahar ta sake miƙewa. Daidai lokacin da ƙarshenta ya sake taɓa da'irar, sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma. Ɗora firotirakta a kansa, daga ɓangaren gabas ka hau 22 zuwa arewa in a Kano kake, ka ja layi.

Akwai kuma yadda za a binciki aikin. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa saitin saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandarka kuma za ta kwanta a kan layin alƙibla, tana nuna kishiyarta. In layin da ka ja da alli daidai ne, inuwar za ta bi saitinsa. Na fi son ta Mayu, domin a tsakiyar Yuli damina ta kankama, hadari kan rufe rana a daidai lokacin da ake buƙatarta. A ja layin tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a kan siminti in da hali, kuma a gaya wa mai shara kada ta bi ta kansa.